Kwamfutar da Bappa Akawu Ya Ce Tana Wanke Filash

A unguwar Bolari ta Gombe in ka tambayi Malam Aƙilu sai mutane su yi ta kallon juna, amma ka ce Bappa Akawu, ko mai keke zai sauke ka a ƙofar shagonsa, tsakanin mai faci da mai sayar da baƙin mai. Ni sunana Salahuddeen, gyaran kwamfuta nake yi, shagona yana kallon nasa, titi ne kawai ya raba mu. Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa kowace safiya. Abin da zan ba da labarinsa da hannuna a ciki dumu-dumu, don haka kada wani ya zaci yabon kaina na zo yi.

A ruga aka haife shi, can wajen Dukku. Cikin 'ya'ya tara shi kaɗai mahaifinsa ya ba boko, ba don an fi son sa ba, sai don ƙafarsa ta hagu da ta ɗan shanye tun yana ƙarami, ba ya iya bin shanu. Da bakinsa yake faɗin haka, ba dariya ba ɓacin rai. Da ya gama firamare wani kawunsa ya kawo shi Gombe ya koyi buga tafireta, daga nan ya kafa tebur a gindin wani dogonyaro kusa da kotu. Shekara ashirin da ɗoriya yana nan yana buga wa jama'a takardun koke, da na cinikin gona, da na rabon gado, da wasiƙun da mutum ba zai so ko ƙaninsa ya ji abin da ke ciki ba.

A can ya ɗauko ɗabi'ar da ta bi shi har tsufa. A zamanin tafireta, in ana son kwafi sai a sa kabon a tsakanin takardu, kuma duk abin da aka buga yana fitowa a jikin baƙar takardar nan, mai ido in ya ɗaga ta ga rana zai karanta tsaf. Sauran akawuna suna morar kabon ɗaya har ya yage. Bappa kuwa da ya gama aiki sai ya kyasta ashana ya ƙone kabon ɗin a gaban mai takarda, ya ce, "Ga sirrinka nan, ka gani da idonka." Abokan sana'arsa sun yi ta yi masa dariya, wai almubazzaranci ne.

Wannan ɗabi'ar ce ta haɗa shi da Malam Titus, wani malamin makaranta Batangale da ke zaune a unguwar Herwagana. Ya kawo masa tambayoyin jarrabawa ya buga, aka gama, aka ƙone kabon. Washegari wani attajiri da ɗansa ke ajin ya zo ya tsuguna wa Bappa, ya yi lallashi ya yi barazana, Bappa ya ce shi hannunsa ne ya buga, kansa bai riƙe komai ba. Labari ya koma kunnen Titus, shi ke nan abota ta ƙullu. Ɗaya yana zuwa masallaci, ɗaya yana zuwa coci, tuwon sallah ya je Herwagana, shinkafar Kirsimeti ta zo Bolari. Titus ya zama hedimasta har ya yi ritaya, amma bai taɓa kiran Bappa da wani suna ba sai Akawu, shi kuma Bappa bai taɓa ce masa komai ba sai Hedimasta.

Da tafireta ta fara zama tarihi, Bappa ya kama shagon nan na Bolari, ya sayi tsohuwar kwamfuta da firinta. Ya haura hamsin lokacin, amma ya koya, da yatsu goma kuwa, ba irin namu na tsincen kaza ba. Ɗabi'arsa ma ya taho da ita. In ya gama buga maka takarda, ya fitar maka da ita ko ya zuba maka a filash ɗinka, sai ya kira ka ka zagayo bayan tebur, ya goge fayil ɗin kana kallo, ya buɗe kwandon shara na kwamfutar ya zazzage shi. Na sha ce masa, "Bappa, ka riƙa ajiye kwafi mana, saboda tsautsayi."

"Kwafin sirrin wani? A ɗakina?" in ji shi. "Allah ya kiyaye."

Abin da ya fi damun sa a sabuwar sana'ar shi ne bairos. Windows ce a kan kwamfutar, kuma babu filash ɗin da ba ya shiga cikinta: na ɗalibai, na 'yan kasuwa, na masu tura wa'azi da finafinai a tasha. Wata ba ya ƙarewa sai ya ɗingiso ya tsallako titi ya ce, "Salahu, ta sake kwantawa." In je in goge komai in sake ɗorawa, in sa mata antibairos na kyauta, bayan sati uku a dawo gidan jiya. Ni kuma mutum ne mai gajen haƙuri, kowa a layin nan ya sani. Ran nan, a shekarar 2019, na ƙosa na ce, "Bappa, wallahi na gaji. Yau zan raba ka da wannan wahalar." Na ɗauko Linux na ɗora masa. Manhaja ce ta kyauta da jama'a daga ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu suka gina, kowa na da damar ya duba cikinta ya gyara. Na nuna masa inda zai buga takarda, inda zai fitar, inda kwandon shararsa yake, don na san shi zai fara nema.

Ya gyara tabarau ya ce, "To, ita kuma wane rigakafi za a yi mata?"

"Ba ta buƙata, Bappa. Bairos ɗin da ke yawo a filash ɗin mutanen nan don Windows aka ƙera su. In sun shigo nan ba su da ƙafar tafiya."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya," na ce, har da bugun ƙirji.

Ba ƙarya na yi masa ba, amma rabin gaskiya na ba shi. Sabon shiga Linux da ke zaune a gidansa, yana sabunta manhajarsa, ba ya kwaso tarkace daga ko'ina, da wuya ya nemi antibairos don kansa, ko da yake ita ma ba gagara-badau ba ce. Amma Bappa ba a gidansa yake zaune ba. Mashigar gari ce shagonsa. Fayil mai cuta in ya shigo kwamfutarsa ba zai motsa ba, gaskiya ne, sai dai kuma ba zai mutu ba. Yana nan kwance lafiya lau, in aka kwashe shi aka zuba wa wani mai Windows sai ya farka. Akwai manhajar binciken filash da ake ɗorawa a Linux saboda irin wannan, kyauta ce, minti goma ya ishe ni in sa masa in koya masa. Ban sa ba. Ina sauri ne in koma shagona.

Shekara huɗu kwamfutar nan ko tari ba ta yi ba. Bappa mutum ne mai fulako, ba ya yabon abin hannunsa, amma wannan kam ta shiga ransa. Kowace safiya sai ya share ta da ƙyalle kafin ya share teburin.

Sai wata rana wata ɗaliba ta zo tana kuka, wai duk aikinta na kammala karatu ya ɓace daga filash. Irin bairos ɗin nan ne mai ɓoye fayiloli a Windows. Bappa ya soka filash ɗin a tasa, sai ga komai ya bayyana, don ita Linux ba ruwanta da wannan ɓoyon. Yarinya ta fita tana sa albarka, kafin sati ya zagayo labari ya cika Bolari: kwamfutar Bappa Akawu tana wanke filash. Shi ma ya yarda, tsakaninsa da Allah. A tunaninsa abin da cuta ba ta iya kamawa, ai kashe cutar yake yi. Mutane suka riƙa zuwa, "Bappa, a wanke min." Ya karɓa da bisimilla, ya soka, ya buɗe, ya ɗan jira, ya zare ya miƙa. Ko sisi ba ya karɓa, yana ganin sadaka ce.

Bawa mai faci ne ya kawo min labarin. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Kai, tsohon nan zai kashe ni!" Titi ne fa kawai tsakaninmu. Taku ashirin. Ban tsallaka na ce masa ba haka abin yake ba, don a ganina wasa ne da ba zai cutar da kowa ba. Wannan dariyar har yau ina jin kunyarta.

A cikin shekarun nan ne Malam Titus ya fara littafinsa. Tun yana saurayi yake bin tsofaffin ƙauyensu, can bayan Kaltungo, yana rubuta abin da suka faɗa masa: waɗanda suka fara saran wurin, yadda gidaje suka rarrabu, sunayen kakanni, waƙoƙin da mata ke yi a bakin dutsen niƙa. Littattafan da ya tara ruwan sama ya cinye su wata damina da ɗakinsa ya rufta, tsofaffin kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage yana cikin kansa ne kaɗai, ga ido ya yi rauni, ga hannu yana rawa. Don haka kowace Talata da Alhamis da hantsi sai keke ya sauke shi, ya zauna a benci ya jingina sandarsa, yana faɗa Bappa yana bugawa. Da Hausa yake bayani, amma sunaye da waƙoƙi da Tangale suke, harafi-harafi yake faɗa masa su. Daga shagona ina jiyo su suna musu.

"Akawu, ka cinye min harafi ɗaya."

"Hedimasta, kai ne ka haɗiye shi, ni abin da na ji na buga."

In an gama babi, Bappa ya zuba a filash ɗin Titus, wanda ke ɗaure da igiya tare da makullan gidansa. A gida 'yarsa Lois, ita ma malamar makaranta ce, ta kwafe a laftof ɗinta. Sannan Bappa ya kira shi ya zagayo ya ga an goge. Titus da kansa ya taɓa cewa, "Haba Akawu, wannan ai ba sirri ba ne, littafi ne, duniya za ta karanta."

"Ranar da ka ba duniya sai ta karanta," in ji Bappa. "Yau dai naka ne."

Shi ma Titus da nasa taurin kan. Ya ƙi a fitar da ko shafi ɗaya a takarda, wai sai an kammala a fitar gaba ɗaya. Shekara uku suna wannan zama, suka kai babi ashirin da uku, saura na rufewa. Sai ga shi wata Lahadi, an taso daga coci, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Hankalinsa yana nan, yana gane kowa, amma in ya buɗe baki sai iska. Daga ranar littafin nan ba shi da sauran mazauni a duniya sai filash ɗaya da laftof ɗaya.

Bayan kamar wata biyu Lois ta zo shagon Bappa da filash ɗin. Ta ce, "Baba, a fitar min da babi na farko, in riƙa karanta masa, ko zai ɗan ji sanyi." Ya fitar mata. Suna cikin hira ta yi ƙorafin ana ta maganar tantance 'yan fansho, ga mahaifinta a kwance, ba ta san ta inda za ta fara ba. Bappa ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, jiya wani ya kawo fom ɗin a filash, wai an turo masa ta waya, ya bar shi a nan saboda masu nema. Ya danna fom ɗin ya ƙi buɗewa, ya sake dannawa ya ƙi. Ya ce, "Tawa baƙuwa ce, wani abin ba ta jin yarensa. Ki gwada a taki a gida." Ya zuba mata a filash ɗin littafin. Ta ce, "Baba, ba matsala dai ko?"

"Ta bi ta cikin tawa, 'yata. A wanke take."

Ba fom ba ne. Babu ofishin da ya fitar da shi. Wasu marasa tsoron Allah ne suka yi wa bairos riga da sunan fom, shi ya sa ma ya ƙi buɗewa a Linux. Lois ta isa gida ta soka filash, ta danna.

Washegari da safe ta shigo shagona rungume da laftof, idonta ya kumbura. Na buɗe shi. Kowane fayil an sauya masa suna, an kulle shi, in ka buɗe sai tarkacen alamomi. Na laftof da na filash duka, don yana soke lokacin da abin ya tashi. Na gwada duk dabarar da na sani, na kira wani abokina a Kano da ya fi ni sanin harkar, ya ce irin wannan kullin ba a samo makullinsa ba tukuna. Na tambaye ta daga ina fom ɗin ya fito. Da ta faɗa min, ban san lokacin da na tsallaka titi ba.

Allah ya yafe min abin da na yi. Na tsaya a kan dattijon da ya isa ya haife ni ina ɗaga murya, mutane suka taru a ƙofa. Na ce wane irin wanki, kwamfuta ce ko injin wanki, wa ya ce masa a riƙa kwasar fayil ɗin da ba a san asalinsa ba ana zuba wa mutane? Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali, "Salahu, ba kai ka ce ba ta kamuwa ba?"

"Ba ta kamuwa, Bappa, amma tana ɗauka ta kai wa wani!"

Ya kalli allon kwamfutar. Ya ce, "Na gane. Akwai irin saniyar nan. Tana kiwo lafiya lau, garke na mutuwa a bayanta." Ya cire tabarau ya ajiye. "Ka san haka tun ranar?"

Na ce na sani.

"Ka kuma ji ana cewa ina wanke filash?"

Na ce na ji. Da ma zagi na ya yi, da ya fi min sauƙi.

Lois ce ta yi magana daga bakin ƙofa. "Baba, kai ba ka da kwafi ko ɗaya?" Ta san amsar, tambaya ce ta wanda ruwa ya ci. Ya girgiza kai.

A nan ne na ce akwai hanya guda, ko da yake ban yi alkawari ba. Na bayyana musu cewa fayil in an goge shi ba ya tafiya nan take. Sunansa kawai ake cirewa, jikinsa yana nan kwance a rumbun kwamfutar har sai wani sabon abu ya hau kansa. Akwai manhajar da ke tono irin waɗannan. Na zaci Bappa zai yi murna. Sai na ga fuskarsa ta sauya fiye da ɗazu.

"Tsaya. Wato abin da nake gogewa a gaban mutane yana nan?"

"Da yawansa yana nan."

"Duk shekarun nan ina kiran mutum in ce ga sirrinka na share, ashe ƙarya nake masa?"

Na ce ba ƙarya ba ce tunda bai sani ba. Bai saurare ni ba. Na ƙara masa da cewa manhajar ba ta zaɓe. Za ta tono komai da komai, ba suna ba kwanan wata, sai mutum ya buɗe ɗaya bayan ɗaya ya karanta kafin ya gane wanne ne na Hedimasta. Takardun saki, da koke-koken gado, da wasiƙun asibiti na rabin Bolari, duk za su taso. Ya ce mu ba shi zuwa gobe. Ya rufe shago tun kafin azahar, abin da ban taɓa gani ba.

Da safe ya tsallako da kansa. Ya ce ya yarda, bisa sharaɗi biyu. Na farko, ni in kunna manhajar in fita, shi kaɗai zai buɗe takardun, tunda idonsa ya riga ya taɓa ganin su. Na biyu, in an gama a ciro rumbun a farfasa a gabansa. Na ce na ji na yarda.

Fayil dubu huɗu da wani abu suka fito. Kwana tara yana zaune a shagon nan ƙofa a saye, ba ya karɓar aikin kowa, salla kaɗai ke fito da shi. In ya buɗe takarda ya ga ba ta Titus ba ce, layin farko kawai yake kallo ya rufe. Duk da haka na ga yadda abin ke cin sa. Wata la'asar ya fito alwala ya ce min, "Yau na ga takardar wata baiwar Allah da ta rasu bara. Ta roƙe ni kada kowa ya sani, na ce mata ko ni na manta." Ya zuba ruwa a hannu ya daɗe bai kai fuska ba.

Babi goma sha huɗu ya samo, wasu cikakku, wasu da ɗan gutsure a ƙarshe. Da na farkon da ke takarda, goma sha biyar. Daga na biyu zuwa na tara babu su, don su aka fara bugawa, aikin shekaru ya bi ta kansu. A cikinsu ne sunayen kakanni suke, da waƙoƙin niƙa da Titus ya ji daga bakin mahaifiyarsa. Muka kwashe abin da aka samo, na ciro rumbun, Bawa ya ara mana guduma, Bappa ya tsaya har sai da ya ga ya zama gutsattsari. Na sa masa sabo, na ɗora Linux, wannan karon har da manhajar binciken filash, na zauna na koya masa yadda ya kamata tun farko. Ya kuma rubuta da alli a jikin ƙofarsa cewa ba a wanke filash a nan.

Lois ta so a ɓoye wa mahaifinta. Bappa ya ce a'a, shi bai taɓa mayar wa mutum takardarsa da gibi ya yi shiru ba. Ya fitar da babukan da aka samo a takarda, ya ce in raka shi, muka hau keke zuwa Herwagana. Mun tarar da Malam Titus a kan kujera a barandar gidan, an lulluɓe masa ƙafa da zane. Da ya ga Bappa fuskarsa ta saki, ɓarin bakinsa mai motsi ya yi murmushi. Bappa bai zauna a kujerar da aka kawo ba, ya durƙusa da gurguwar ƙafar nan a kan siminti, ya faɗa masa komai tiryan-tiryan. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Ni na sa baki na faɗi nawa.

Titus ya daɗe yana kallon sa. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna takardun, Bappa ya miƙa masa. Ya riƙa buɗawa da yatsa ɗaya yana kai su kusa da ido, yana duban lambar kowane babi. Daga na ɗaya ya faɗa na goma. Ya koma baya ya sake dubawa. Sai ya buɗe baki yana ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, muka matso duka. Wani sauti ya fito, ba kalma ba, ɗan amo ne mai hawa da sauka. Lois ta toshe bakinta ta ce waƙar kakarta ce, amon ne, kalmomin ne ba sa fitowa. Ita kuma a Gombe aka haife ta, amon kaɗai ta sani. Ya yi ta maimaitawa har ya gaji, hawaye na bin gefen fuskarsa. Daga nan ya kama hannun Bappa ya riƙe gam, ya ƙi saki har aka kira magariba. Ko yafiya ce ko roƙo ne a nemo masa sauran, ni dai ban sani ba, kuma ba zan ƙirƙira ba.

Bappa bai zauna ba. Sau uku yana shiga mota zuwa ƙauyen tare da wani ɗan'uwan Lois mai suna Bernard, da littafi da biro, suna bin gida-gida. Sun samo sunaye ƙalilan, da baiti biyu na waƙa daga wata tsohuwa da ita ma ta ce ba ta da tabbas. A tsakiyar daminar nan Malam Titus ya rasu.

Bayan an yi bizo, wato jana'izarsa, da wata biyu, Lois ta ce za a buga littafin yadda yake, a raba wa dangi da cocinsu. Ta ce a sake jera lambobin babin daga ɗaya zuwa goma sha biyar, kada kowa ya lura da gibin. Bappa ya ce, "'Yata, littafin mahaifinki babi ashirin da uku ne. In muka ce goma sha biyar ne, mun ƙara masa wata asarar." Ya roƙi a bar masa shafi ɗaya tsakanin babi na ɗaya da na goma. Ta ce ba sai ya yi haka ba, babu mai riƙe da shi a zuci. Ya ce ya sani. Na ce to a sa har da sunana, tunda daga bakina abin ya faro. Ya dube ni ya ce, "Kai ba a ba ka amana ba, Salahu. Ni aka ba."

Ya zauna ya buga da kansa, ya fitar, ya miƙa wa Lois. Na karanta ta kan kafaɗarta:

"A nan akwai babi takwas. Marubucin ya faɗe su cikakku, da hankalinsa da lafiyarsa, bai manta ko suna ɗaya ba. A hannuna suka ɓata. Duk wanda ya nemi sunan kakansa a littafin nan bai gani ba, kada ya zargi Malam Titus. Ni ne, Aƙilu, akawu, Bolari."